Malam Wali da Jiƙon Kasuwar Juma'a

Malam Wali maƙwabcinmu ne a Wudil, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma in dariya ta kama shi sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, kamar mai tsoron kada ta faɗi. Malamin asibiti ne, amma a ƙauyen da yake aiki, can gaba da Achika, ba wanda ke kiransa da wani suna sai Likita. Ya sha gaya musu shi ba likita ba ne, har ya gaji ya bar su. Yawancin abin da na rubuta a nan daga bakinsa na ji, a kan tabarmar ƙofar gidansa bayan la'asar.

A Dagumawa aka haife shi, mahaifinsa manomin gero ne da rogo. Ya ce ba wani babban dalili ne ya kai shi aikin asibiti ba. Yana aji uku a firamare ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa ta yi ruwa, wani malamin asibiti ya cire ta, ya shafa masa jan magani, ya kuma ba shi alewa ɗaya don bai yi kuka ba. Tun daga ranar ya ƙudurta wannan aikin zai yi. Ya yi makarantar koyon aikin lafiya a Kano, ya yi aiki wuri biyu, sannan aka tura shi wannan ƙauyen. A lokacin da abin nan ya faru, shekararsa goma sha huɗu a can.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, sai darbejiya ɗaya inda yake jingine tsohon babur ɗinsa. Kullum da safe yake tafiya, ya dawo kafin la'asar, wani lokaci da ƙwan zabi a ɗaure a bayan babur, wani lokaci da kabewa. Ya san kowane gida. Ya san yaron da ke tsoron allura, ya san tsohuwar da ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ta tofar in ya juya baya.

Da soja suka koma bariki, sai aka kawo sababbin katuna na marasa lafiya, masu tambayoyi da yawa. A ciki akwai layi ɗaya da ke tambaya ko mutum yana shan taba, da wani a ƙasansa da ke tambaya ko yana shan giya. Na taba yana tambaya. Na giya kuwa, duk ranar Litinin da safe sai ya ɗauko rula da biro ya ja masa layi a katunan mako gaba ɗaya, tun kafin kowa ya zo. A ganinsa garin Musulmi ne kaf, kuma ba ya ganin da wane ido zai dubi sa'an mahaifinsa ya yi masa wannan tambaya. Shi kansa bai taɓa ganin giya kusa ba. Abin da ya sani game da ita biyu ne: haramun ce, kuma mai shanta yana tangaɗi. A makon da aka yi darasinta a makaranta ma, gida ya tafi taya girbi, ya ce wa 'yan ajinsu wannan karatun na masu zuwa Sabon Gari ne.

A daminar shekara ta biyu ta mulkin farar hula, ruwa ya yi yawa har ya shiga babbar rijiyar ƙauyen, atini ya ɓarke. Malam Wali ya yi ta ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar filajil, ya sa aka yashe rijiya. Mata da yara suka warke, samari suka koma gona. Amma dattawa uku, maimakon sauƙi, sai abin ya juye musu: fuska ta ɗauki zafi, amai ba tsayawa, kai yana sarawa, zuciya tana bugawa kamar za ta fito. Su ne Malam Halliru ladanin garin, da Ya'u manomi, da Ɗan'auta mahauci. Da suka daina shan ƙwayar suka fara samun kansu, sai magana ta bazu cewa Likita yana ba mutane lalataccen magani.

Kansilan mazaɓar, Honarabul Ƙasimu, 'yar Malam Halliru yake aure. Ya zo asibitin da kansa ranar wata Lahadi, ya aika aka kira Malam Wali daga Wudil. Bai yi faɗa ba. Ya ce dai yanzu ba zamanin da ba ne, talaka yana da baki. Ya ce za a taru ƙofar mai gari ranar Asabar, in Malam Wali bai kawo bayanin da ya gamsar ba, zai rubuta takarda a ɗauke shi daga garin. Malam Wali ya ce mini canjin wurin aiki ba sabon abu ba ne ga ma'aikaci. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya bar garin da ya yi shekara goma sha huɗu yana wahala a kai, da sunan wanda ya kusa kashe ladan.

Ranar Litinin ya ɗauki ragowar ƙwayar ya kai asibitin cikin gari a duba. Aka duba aka ce lafiyarta ƙalau, da sauran fiye da shekara kafin ta lalace. Yana fitowa ya ci karo da Sista Tabita, 'yar ajinsu a makaranta, mutuniyar Zuru. Ba ta daɗe da dawowa Wudil ba, don mijinta Elisha ya sami aiki a ɗakin karatu na sabuwar jami'ar da aka buɗe. Bayan sun gaisa, ya tambayi 'yarta Joy da ƙannenta, ta tambayi A'isha matarsa, sai ya zayyana mata abin da ke tafe da shi. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce:

"Su ukun nan, suna shan giya?"

Malam Wali ya cire hula ya yi dariya har da hawaye. "Maman Joy, ladan fa na ce miki. Shekara talatin yana kiran sallah."

"Na ji. Ni kuma ba sana'arsa na tambaye ka ba. Ka tambaye shi?"

"Da wane bakin?"

Ta ce masa filajil da giya ba sa zama ciki ɗaya, kuma alamun da ya lissafa mata kamar daga littafi ya karanto su. Ta tuna masa da girbin da ya tafi, ta ce ga shi yau geron ya tsiro. Sannan ta ba shi shawara: kada ya ambaci giya ko kusa. Ya tambayi dattijon duk abin da ke wucewa ta maƙogwaronsa tun daga tashi barci har kwanciya, ko da ruwan randa ne.

Washegari bayan ya sallami marasa lafiya, ya tafi gidan Malam Halliru, ya same shi a zaure a kan buzu, ya rame. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi jiki, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa aka ce ya yi gyara. Malam Halliru bai nuna masa ɓacin rai ba, ya ce kowane ciwo da ranar tafiyarsa. Sai Malam Wali ya roƙe shi ya lissafa masa abin da yake ci da sha. Dattijon ya lissafa: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, goro kaɗan. Sannan ya ƙara da cewa sai kuma jiƙonsa.

Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko kwalba, cike da saiwoyi da sassaƙe, ruwan ciki ja-ja kamar shayi. Ya ce maganin ciwon baya ne da basir, surukinsa Kansila ne ke sayo masa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, Allah ya yi masa albarka. Shekara biyu ke nan, kullum bayan sallar asuba Ya'u da Ɗan'auta sukan tsaya a zauren nan, kowa ya sha murfi ɗaya, yanzu ma ya kai biyu. Ya ce yana ɗumama jiki sosai. Da atini ya kama su kuma sai suka ƙara zuwa murfi huɗu, don ya taimaka wa ƙwayar Likita.

Malam Wali ya roƙi aron kwalbar, ya ce zai kai a duba masa abin da ke ciki. Ya zura ta a aljihun jamfarsa. Daga nan ya kamo hanyar Wudil da ita, zuwa wajen Sista Tabita a asibiti, azahar ta riske shi a hanya, ya tsaya a wani masallacin bakin titi ya yi sallah.

Sista Tabita ta buɗe murfin, ta kai hanci sau ɗaya, ta mayar ta rufe.

"Uwata ta yi shekara ashirin tana dafa burukutu kafin ta bari," in ji ta, "amma nata wasan yara ne a kan wannan. Ogogoro ne, giyar nan mai ƙarfi ta kudu, aka jiƙa saiwa a ciki."

Bai yarda ba. Ya ce wari ne na sassaƙe, ai kowane jiƙo yana da nasa. Ba ta yi musu da shi ba. Ta tsiyaya kaɗan a farantin ƙarfe na wanke ciwo, ta tura taga ta rufe, ta ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta tashi a kan ruwan tana rawa, ba hayaƙi. Malam Wali ya tsaya yana kallo har ta mutu. Ya ce abin da ya fara zuwa masa a rai ba ladan ba ne, ba Kansila ba ne.

"Maman Joy, da ita fa na yi azahar a aljihu."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce wannan ba sashenta ba ne, ya tambayi limaminsu. Shi dai ya fita ya sake alwala ya rama sallar, don hankalinsa ya kwanta.

Da ya dawo, ta zaunar da shi duk lokacin hutunta, ta yi masa darasin da ya guje wa shekara ashirin baya. Ta gaya masa ba sai mutum ya yi tangaɗi ne giya ke yi masa illa ba. Ta yi masa bayanin abin da take yi wa hanta a hankali, da yadda take tayar da hawan jini, da magungunan da ba sa jituwa da ita, da yadda mai shan murfi ɗaya ke wayar gari yana neman biyu bai san dalili ba. Ya cika shafi huɗu da rubutu. Ya ce a ranar ne ya gane ya daɗe yana ba da magani da ido ɗaya.

Yanzu hujja tana hannunsa. In ya tashi ranar Asabar ya ce ga abin da dattawan nan uku ke sha, ga kuma wanda ke sayowa, ya fita fes. A'isha ma abin da ta ce ya yi ke nan, ta ce gaskiya ba ta buƙatar ado. Amma shi ya san ƙauyen. Ya san kafin magariba 'yan mata sun sa abin a waƙar gaɗa, kuma mutumin da ya yi shekara talatin yana tada gari sallah zai ƙare rayuwarsa da wani suna da ba zai goge ba, a kan abin da bai sani ba.

Ranar Alhamis ya koma zauren da kwalbar da ashana. Ya jira har wani baƙo ya tashi, sannan ya matso kusa ya gaya wa Malam Halliru a hankali. Ya ciro ashanar zai nuna masa, dattijon ya riƙe masa hannu ya ce ba sai ya kunna ba, bai taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ya daɗe kansa a sunkuye yana istigfari. Da ya ɗago sai ya ce:

"Ranar Asabar ka faɗa musu, Likita. Ka wanke kanka."

"Ba zan wanke sunana da mutuncinka ba, Baba. Laifin ma nawa ne, da ban tambaya ba."

Ya fito daga gidan bai san abin da zai faɗa wa taro ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga kasuwa neman mai jiƙon, don ya ga abin da idonsa. Bai sha wahala ba, lasifikar mutumin a kan mota ta cika wurin, yana lissafa cututtuka kamar mai karanta sunayen 'yan aji. Malam Wali ya tambaye shi abin da ke ciki, ya ce saiwa goma sha biyu ne da wani ruwa na sirri da ya gada. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Malam Wali shi ne layin masu saye. A ɗan tsayuwar da ya yi, ya ga mutum biyar daga ƙauyen da yake aiki, kowa ya gaishe shi da fara'a, ɗaya ma ya ce ashe Likita ma ya gano sirrin. Nan take dabara ta faɗo masa. Ya shiga layi ya sayi tasa kwalbar.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Maza a gaba, mata a can gefe ta bakin danga. Malam Halliru yana zaune kusa da liman. Kansila ya yi jawabi a kan haƙƙin talaka da amanar da aka ba shi, ya yi kyau ƙwarai, aka tafa. Sannan aka ba Malam Wali dama.

Ya fara da cewa an duba ƙwayar, ba abin da ya same ta. Ya ce amma akwai laifi, kuma nasa ne: yakan ba mutum magani bai tambaye shi abin da yake sha a gida ba, alhali akwai abubuwan da ba sa haɗuwa da juna a ciki. Ya ciro kwalbar ya ɗaga sama, ya ce wannan tasa ce, jiya ya saya da hannunsa. Wani daga baya ya ce ai maganin baya ne, babu kamarsa. Malam Wali ya ce madalla, ya roƙi duk wanda ya taɓa sha ya ɗaga hannu, don a san yawan masu shaida.

Hannuwa suka tashi, kusan rabin mazan wurin. Wasu har da murmushin alfahari. Mai gari bai ɗaga hannu ba, amma an ga ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan gwiwarsa.

Sai Malam Wali ya tsiyaya ruwan a faranti, ya roƙi mutum biyu su kare masa haske da babbar riga, ya ƙyasta ashana. Na gaba suka ga shuɗiyar wutar, suka ja baya, na baya suka matso su gani. Ya ce musu ruwa ba ya cin wuta. Ya faɗi sunan abin da aka jiƙa saiwar a ciki, sau ɗaya, ba tare da ya dubi fuskar kowa ba. Hannuwan da suka rage a sama suka sauko a hankali, wasu suka shige cikin hannun riga.

Ɗan'auta mahauci ne ya fara magana.

"To shi ya sa. In na sha da safe sai in ji kowa ɗan'uwana ne, in yi ta ƙara wa mutane tsoka. Shekara biyu ina cewa albarka ce ta sauko mini."

Dariya ta ɓarke, ta faro daga wajen mata ta mamaye wurin. Ya'u ya ce shi kuma ya sha mamakin yadda kunyar da yake yi a gona ke fita a karkace. Liman ya bari aka lafa, sannan ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma daga yau kowa ya sani. Malam Wali ya yi amfani da wannan damar ya yi musu bayanin hanta da hawan jini daga shafukansa huɗu, ya ce mai ciwon baya ya zo asibiti a duba shi, kuma daga yau zai riƙa tambayar kowa abin da yake sha, babba da yaro, kada wanda ya ji haushi.

Duk wannan abin Kansila kansa yana ƙasa, ya kasa duban inda surukinsa yake. Malam Halliru kuma bai dube shi ba, bai faɗi wanda ke sayo masa ba, carbinsa kawai yake ja. Da mai gari ya juyo ya ce saura maganar takarda, Kansila ya miƙe ya gyara hula ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce takarda dai zai rubuta, tunda ya riga ya faɗa a gaban jama'a. Amma abin da zai rubuta shi ne a bar Malam Wali inda yake, a kuma ba shi lasifika ya zaga sauran ƙauyukan mazaɓar da farantinsa da ashanarsa.

Malam Wali ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo a kore ni, ka ƙara mini aiki."

Aka sake dariya, liman ya shafa fatiha. Kafin a watse mai gari ya ba da umarni kowa ya kawo kwalbarsa a tuttular a bayan gari. Barakatu matar Ya'u ta leƙo daga bakin danga ta ce a yi mata afuwa a bar mata ta gidansu, itacen damina ba ya kamawa da wuri, kuma ta ga abin yana ci da kyau. Mai gari ya dubi liman, liman ya dubi Likita, Likita ya ce in dai a murhu ne, shi ba shi da ta cewa.

Kansila ya cika alkawari, bayan wata biyu lasifikar ta iso, mai batir shida. Malam Wali ya zaga ƙauyuka tara da ita a ɗaure a bayan babur. Har yau da nake wannan rubutu yana ƙauyen nan, shekararsa ta goma sha bakwai ke nan, kuma gobe ma da sassafe zan ji shi ta katanga yana fama da babur ɗin kafin ya tashi.